Babi na Shida: Kwaɗo da Agogo

Wanda ya bar Maraɗi ya hau babbar hanya ya nufi gabas, zai ratsa Agye kafin ya shiga Gazawa. A nan Gazawa ne layin wutar lantarkin da ya taso daga Katsina, mai ƙarfin kilobolt 132, yake sauka, sannan ya rabu biyu: reshe ɗaya ya koma Maraɗi, ɗaya ya miƙe Damagaram. A farkon watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta tsinke wutar da take tura wa Nijar, ba ta maido da ita ba sai bayan da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairun 2024. Amma tun kafin nan mutanen yankin sun san halin kuran, wato wutar lantarki. Ko a lokacin zaman lafiya, yakan shigo ba sallama, ya fita ba bankwana.

A wannan ƙasa ce kuma aka ɗora wa na'urori amanar lissafin rayuwar jama'a. Ma'aikatar lafiya ta Nijar tana tattara alƙalumanta da DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar gina ta, kuma rahoton kowane wata na asibitocin karkara a Agye da Gazawa a cikinta yake ƙarewa. A 2019, da dubban mutane suka tsero daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka sauka a ƙauyukan Gidan Rumji, hukumar kula da ƴan gudun hijira ta HCR ta yi musu rajista da hoton yatsa, kafin a fara kai wasu Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Duk wannan aikin a kan fayiloli yake zaune. Fayil kuwa, muddin fiye da hannu ɗaya na taɓa shi, sai da kwaɗo. Wannan babi zai duba yadda kwaɗon yake aiki, da yadda injiniya yake tabbatar da cewa yana aiki tun kafin manhaja ta bar teburinsa.

Hannu biyu, fayil ɗaya

A ce a wani asibitin karkara akwai fayil da ke riƙe da adadin ledojin Plumpy'Nut, abincin yaran da tamowa ta kama, kuma adadin ya nuna 500. Manhajoji biyu ne ke taɓa fayil ɗin. Ta farko tana rage abin da aka raba wa iyaye mata, ta biyu tana ƙara abin da mota ta kawo daga gunduma. Ta farko ta karanta 500, za ta cire 40. Kafin ta rubuta, ta biyu ita ma ta karanta 500, ta ƙara 300, ta rubuta 800. Sai ta farko ta gama lissafinta ta rubuta 460. Ledoji 300 suna nan jibge a ɗakin ajiya, amma a rubuce sun ɓace. Da a ce ta biyu ce ta yi rubutun ƙarshe, da fayil ya nuna 800, ledoji 40 da yara suka riga suka shanye suna nan a lissafi. Amsar gaskiya 760 ce, kuma babu wadda ta yi kuskuren tarawa ko ɗebewa a cikinsu. Laifin na rige-rige ne: wa ya riga wa, da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Masana sun daɗe da sanin wannan ciwo. A 1965 Edsger Dijkstra, masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, ya wallafa hanyar da shirye-shirye da yawa za su riƙa shiga wuri ɗaya bi da bi, ba tare da biyu sun haɗu a ciki ba. Ƙa'idar ba ta da wuyar faɗa. Kafin ka taɓa abin da ake tarayya a kai, ka ɗauki kwaɗo. Idan wani ya riga ka, ka jira. Idan ka gama, ka saki. Wahalar tana cikin kalmar nan ta tsakiya: ka jira. Wane irin jira?

Manhajar da ba ta zama jira

Mai shayi a tasha ba ya tsayawa ya zuba wa buta ido har ta tafasa. Yana ɗora ta ya juya ya fasa wa wannan ƙwai, ya yanka wa wancan burodi, ya ba na uku canji, kunnensa na kan butar. Hannayensa biyu ne kawai, amma mutum goma yake sallama, don ba ya barin aiki ɗaya ya riƙe shi.

Haka ake gina yawancin manhajojin da ke hulɗa da intanet da allon waya. A tsakiyarsu akwai zagaye ɗaya da ke ta juyawa yana duba abin da ya auku: an danna maɓalli, saƙo ya iso, rezo ya dawo, lokacin da aka ɗiba wa wani abu ya cika. Duk wanda ya auku sai a kira ɗan guntun aikin da aka tanadar masa, ya yi sauri ya gama, zagaye ya ci gaba. Twisted, wadda Glyph Lefkowitz ya assasa da harshen Python kuma ta fito a 2002, a kan wannan tsari take. Node.js da Ryan Dahl ya fitar a 2009 ma haka. Manhajar wayar Android ita ma tana da irin wannan zagaye a layinta na farko, kuma idan wani aiki ya toshe shi na wajen daƙiƙa biyar, wayar da kanta za ta fito da sanarwa cewa manhajar ta daina amsawa.

To ga inda gizo ke saƙa. Kwaɗo na gargajiya cewa yake a tsaya a jira. Zagaye kuwa idan ya tsaya, komai ya tsaya: allo ya sandare, saƙon da ke shigowa ya rasa mai karɓa. Wani lokacin ma aikin da zai saki kwaɗon yana layi a bayan wanda ke jiran kwaɗon, sai a yi cirko-cirko har abada.

Maganin da aka samo shi ne alƙawari. Manhaja ta nemi kwaɗo, a ba ta amsa nan take cewa ba a samu ba tukuna, amma ga alƙawari, za a kira ta idan an samu, ko a gaya mata idan wa'adi ya cika. Sai ta koma harkokinta. A cikin Twisted akwai wani ɓangare mai suna DeferredFilesystemLock da ke yin wannan. Kwaɗonsa wata ƴar alama ce da ake dasawa a ma'ajiyar fayiloli, wadda tsarin kwamfuta ba ya yarda a dasa biyu da suna ɗaya, kuma a jikinta ake rubuta lambar shirin da ya dasa ta. Idan mai nema ya tarar da alamar wani, sai ya bar wa zagaye saƙo cewa a tashe shi bayan daƙiƙa ɗaya ya sake gwadawa. Haka zai yi ta yi har ya samu, ko wa'adinsa ya ƙare.

Layukan da ke yin wannan aiki ba su da yawa, mutum zai karance su kafin shayinsa ya huce. Amma kowane layi yana ɗauke da tambayar lokaci, kuma kuskuren lokaci shi ne mafi iya ɓuya.

Kuskuren da ba ya zuwa idan an kira shi

Ranar 14 ga Agustan 2003 wuta ta ɗauke wa mutane kimanin miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontario na Kanada. Dalilan suna da yawa, har da wayoyin da suka yi zafi suka saki jiki suka taɓa itatuwa a jihar Ohio. Amma abin da ya hana a tare matsalar tun tana ƙarama shi ne na'urar gargaɗi a ɗakin kula da wuta na kamfanin FirstEnergy, wadda ta yi shiru jim kaɗan bayan ƙarfe biyu na rana. Fiye da awa ɗaya ma'aikata suna zaune ba su san ƙararrawarsu ta mutu ba. Da injiniyoyin General Electric, masu manhajar XA/21, suka shiga bincike, sai da suka shafe makonni suna tsefe lambobi kafin su gano rige-rige ne: shirye-shirye biyu sun sami damar rubutu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ƙofar da kuskuren ya bi ya shiga ba ta buɗewa sai na ɗan abin da ake aunawa da kashi dubu na daƙiƙa. Manhajar ta yi shekaru tana aiki a wurare da dama ba a taɓa ganinsa ba.

Yadda suka kama shi ya fi labarin kansa amfani. Ba zama suka yi suna jiran ya sake faruwa ba. Da gangan suka rage wa manhajar gudu, suka cusa jinkiri a wuraren da suke zargi, har ƙofar nan ta yi faɗin da za a gan ta da ido. Wato sun ƙwace lokaci daga hannun sa'a suka riƙe shi a nasu.

Wannan shi ne jigon gwajin duk wani abu da ya shafi jira. Gwajin gutsure, wanda Kent Beck ya yaɗa da SUnit, sannan shi da Erich Gamma suka rubuta JUnit a 1997, ɗan ƙaramin shiri ne da ke ɗaukar yanki ɗaya na manhaja, ya ba shi wani abu, ya duba ko abin da ya fito shi ne ake tsammani. Amfaninsa ya dogara ga sharuɗɗa biyu. Ya kasance mai sauri, don a riƙa gudanar da dubbansa duk lokacin da aka taɓa layi ɗaya. Ya kuma kasance mai magana ɗaya: in ya ce lafiya yau, gobe ma ya ce lafiya, sai fa idan an ɓata wani abu.

Sabon hannu idan aka ce ya gwada kwaɗo mai wa'adin daƙiƙa biyar, yakan sa gwajin ya yi barci na daƙiƙa shida sannan ya duba. Ya karya sharuɗɗan biyu ke nan. Gwaji ɗari irin wannan minti goma ne, kuma ba wanda zai riƙa jiran minti goma a kai a kai. Sannan ranar da kwamfutar gwajin ta yi nauyi, daƙiƙa shidan ba za su isa ba, gwajin ya faɗi alhali manhajar ƙalau take. Idan haka ta faru sau uku, sau huɗu, ma'aikata za su koyi cewa a sake gudanar da shi kawai, zai wuce. Daga ranar gwajin ya tashi daga aiki, domin ran da ya faɗi da gaskiya ma haka za a yi masa.

Agogon da ake turawa da hannu

Dabarar masu Twisted ita ce kada kwaɗo ya riƙa duba agogon duniya da kansa. Ana miƙa masa agogo ne daga waje lokacin da ake haɗa shi. A fagen aiki, agogon gaske ake ba shi. A ɗakin gwaji kuwa sai a ba shi na jabu, wanda suke kira Clock, agogon da ba ya motsi sai an tura shi. Mai gwaji ya ce a ƙara daƙiƙa ɗaya, nan take agogon ya ƙara, ya kira duk ayyukan da lokacinsu ya yi, ya tsaya cak. Awa guda ta jira tana wucewa kafin a ɗauke yatsa daga maɓalli, kuma kullum a jere ɗaya abubuwa ke faruwa.

Da wannan agogo a hannu, injiniya zai zauna ya jero tambayoyinsa, kowace tambaya gwaji guda.

Idan babu kowa a kan fayil, shin ana samun kwaɗo nan take, ba tare da an tura agogo ko sau ɗaya ba?

Idan wani na riƙe da shi, aka tura agogo daƙiƙa uku, sannan aka saki, aka ƙara tura ɗaya, shin alƙawarin ya cika?

Idan mai riƙon ya ƙi saki har wa'adi ya wuce, shin an dawo wa mai nema da labarin cewa lokaci ya ƙare, ko an bar shi rataye?

Idan aka saki kwaɗo bayan gwadawa ta ƙarshe amma kafin wa'adi ya buga fa? A ce wa'adin daƙiƙa biyar da rabi ne, an gwada a ta biyar ba a samu ba, aka saki a biyar da kwata. A cikin Twisted, idan wa'adi ya cika ana sake taɓa kwaɗon sau ɗaya kafin a yanke ƙauna, don kada a ce wa mutum babu alhali ƙofa a buɗe take. Da agogon gaske, sai an yi dace za a faɗa cikin wannan rabin daƙiƙar. Da na hannu, ana shiga cikinta duk lokacin da aka ga dama.

Idan mai nema ya sake nema tun alƙawarin farko bai cika ba, shin an ƙi masa a fili, ko an bar alƙawura biyu suna kokawa?

Idan ya fasa a tsakiyar jira, misali ma'aikaciyar asibiti ta rufe shafin, shin an share duk saƙonnin tashi da aka bar wa zagaye? Wannan ana yawan mance shi. Saƙo ɗaya da ya rage zai farka daga baya ya ɗauki kwaɗo da sunan wanda ya riga ya tafi, kuma babu mai sakinsa. Agogon jabu yana iya nuna jerin ayyukan da ke jiransa, saboda haka gwaji mai kyau yakan ƙare da duba cewa jerin ya zama fanko.

Idan mai kwaɗon ya mutu

Tambayar da ta fi shafar Gazawa da Agye da Gidan Rumji ita ce wannan ta ƙarshe: idan mai kwaɗon ya mutu fa? Shiri ya ɗauki kwaɗo, yana tsakiyar rubutu, kuran ya ɗauke, ko batir ya ƙare, ko wayar ta kashe manhajar don ta sami sarari. Alamar tana nan a ma'ajiya, mai ita ba ya nan. Idan ba a yi tanadi ba, duk wanda ya zo zai yi ta jiran mamaci.

Lambar da aka rubuta a jikin alamar don wannan ranar aka rubuta ta. Mai nema yakan tambayi tsarin kwamfuta ko mai wannan lambar yana raye. Idan ba ya raye, sai ya cire alamar ya dasa tasa, ya kuma ajiye shaidar cewa wanda ya gabace shi bai fita lafiya ba, domin wataƙila fayil ɗin rabinsa sabo ne rabinsa tsoho. Amma nan ma da sauran rina a kaba. Bayan an sake kunna kwamfuta, lambobin shirye-shirye daga farko suke somawa, kuma wani shiri daban, wanda bai san da zancen ba, yana iya gadon lambar mamacin. Mai nema ya tambaya, a ce masa mai lambar yana raye, ya koma jira. Ga kuma yiwuwar masu nema biyu su gano gawar a tare, kowa ya yi niyyar cire alamar, na biyun ya cire wadda na farkon ya dasa yanzu-yanzu. Duk waɗannan ana iya shirya su a ɗakin gwaji, idan aka maye gurbin tsarin kwamfutar da na jabu wanda ke ba da amsar da mai gwaji ya zaɓa.

Wanda ya kai wannan ɗabi'a ƙololuwa shi ne D. Richard Hipp, mai SQLite, ƙaramar ma'ajiyar bayanai da ya fitar a shekarar 2000. Tana cikin kowace wayar Android da iPhone, saboda haka tana aljihun ɗan kasuwar Agye ko bai taɓa jin sunanta ba, kuma a kanta manhajar DHIS2 ta waya take ajiye bayanai kafin rezo ya samu. Duk bayananta a fayil ɗaya suke, kuma kwaɗonta hawa biyar ne, tun daga sake har zuwa mallaka ta mutum ɗaya, don masu karatu da yawa su iya karatu tare amma marubuci ya kasance guda. Masu ita sun daɗe suna gargaɗi game da wani tarko a kwaɗon tsarin POSIX: idan shiri ya buɗe fayil ɗaya ta ƙofa biyu, ya rufe ɗaya, duk kwaɗunansa a kan fayil ɗin sun faɗi, ba tare da an gaya masa ba. Lambobin gwajin SQLite sun ninka na ita kanta manhajar sau ɗaruruwa. A cikinsu akwai masu kwaikwayon ɗaukewar wuta: ana ba ta ma'ajiyar jabu, a tsinke ta a tsakiyar rubutu, a hargitsa abin da bai gama sauka ba, sannan a sake buɗe fayil ɗin a duba. Ko dai canjin ya shiga gaba ɗaya, ko bai shiga ko kaɗan ba. Rabi da rabi faɗuwa ce. Sai a matsar da wurin tsinkewar gaba kaɗan a sake, a matsar a sake, har a bi kowane mataki.

Injiniyan da ke aiki a birnin da wuta ba ta ɗaukewa yana iya ɗaukar wannan a matsayin abin da ba safai ba, ya bar gwajinsa zuwa ƙarshe, in lokaci ya rage. Wanda ke rubuta manhajar da za ta yi aiki a asibitin ƙauye a Gidan Rumji ba shi da wannan uzuri. A wurinsa mutuwa a tsakiyar rubutu al'amarin yau da gobe ne, kuma da ita ya kamata jerin gwajinsa ya fara. Matasan da ke koyon wannan sana'a a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko Jami'ar Bayero ta Kano suna da wani abu da takwarorinsu na wasu ƙasashe sai an koya musu: ba sa buƙatar a tuna musu cewa wuta na ɗaukewa. Abin da ya rage shi ne su mayar da wannan sanin ya zama gwaji rubutacce.

Iyakar kwaɗo

Agogon jabu yana da iyaka, kuma gara a san ta. Yana gwada jerin aukuwar da mai gwaji ya hango ne kaɗai. Wanda bai zo masa a rai ba, ba a gwada shi ba. Shi ya sa Dijkstra ya riƙa tunatar da cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu. Masu gina FoundationDB, ma'ajiyar da kamfanin Apple ya saya a 2015, sun rage wannan giɓi ta hanyar barin kwamfuta ta riƙa zaɓen jerin aukuwa da ka, dubbai bisa dubbai, tana ajiye lambar kowane zaɓi. Duk jerin da ya fasa manhajar, ana iya maimaita shi daidai da yadda ya faru. Haka kuma ma'ajiyar jabu ba ta gaske ba ce. Dole a bar wasu ƴan gwaje-gwaje da ke tayar da shirye-shirye biyu na gaske a kan fayil na gaske, ko da sun fi jinkiri.

Kwaɗon kansa ma yana da iyaka. Yana aiki ne idan duk masu taɓa fayil suna ganin alama ɗaya a lokaci ɗaya. Ma'aikaciya a Gazawa da wata a Agye, kowacce da wayarta, babu rezo tun safe, dukansu sun gyara bayanin yaro ɗaya da uwarsa ta kai shi can jiya ta kawo shi nan yau: babu kwaɗon da zai shiga tsakaninsu, domin babu wurin rataye shi. Irin wannan matsala ce ma'aikatan eHealth Africa, ƙungiyar da ke da babban ofishi a Kano, suka tunkara lokacin annobar Ebola ta 2014, suka yi amfani da CouchDB, ma'ajiyar da ke barin kowa ya rubuta nasa, ta ajiye rubutun biyu, a sasanta su idan an haɗu. Wa zai yi sasancin, kuma da wace ƙa'ida za a fifita rubutun wata a kan na wata, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.